Motar Orest Tana Waje

Garejin Orest Baran mota ɗaya yake ci, ita ma sai direba ya tsuke ciki kafin ya fito. Mahaifinsa ne ya gina shi manne da kicin, tun zamanin da motoci ba su yi ƙiba ba. Shi kuwa Orest abin hawa biyu gare shi: tsohuwar tarakta ja mai cebur a gaba, da shuɗiyar a-kori-kura wadda tsatsa ya cinye mata gefe. Tun da na san gidan, tarakta ce ke kwana a ciki, don man dizal ba ya shiri da sanyinmu na Saskatchewan, nan ƙasar Kanada. A-kori-kura kuma tana waje gindin falwaya, an jona mata wayar wuta don kada injinta ya daskare.

Ni ce Stefka, maƙwabciyarsa ta gabas, idan har wanda sai ka hau mota kafin ka kai gidansa maƙwabci ne. Aji ɗaya muka yi da shi a makarantar da yanzu ake zuba alkama a cikinta. Tun yana yaro ba ya magana sai an matsa masa. Da ya girma Allah ya haɗa shi da Halya, wadda ta riƙa yin maganar mutum biyu har ƙarshen ranta.

A kicin ɗin Halya butar gahawa ba ta sauka daga wuta. Da hunturu, idan aikin gona ya tsaya, za ka tarar da motoci jere a tsakar gidan, mutane sun cika tebur ana cin pirohi, ƙullin fulawar nan mai dankali a ciki, ana zagin farashin alkama da gwamnati. Orest yana can ƙarshen tebur, hularsa a gwiwa, abin da yake cewa bai wuce "haka ne" ba. Mu duk mun ɗauka haƙuri yake yi da surutunmu.

Halya ta rasu ana tsakiyar girbi. Bayan an binne ta, ɗansu Darrel, wanda ke aikin ofis a birnin Calgary, ya zauna ya gyara wa ubansa rayuwa tsaf. Yaron kirki ne, sai dai irin mutanen nan ne da ƙaunarsu ke fitowa da muryar umarni.

"Baba, daga yau a-kori-kura ce za ta kwana a gareji," in ji shi. "Taraktar a rufa mata tamfol."

"Ita ke buɗe hanya," in ji Orest.

"Na yi magana da masu katafilar gunduma, za su riƙa share maka ƙanƙarar hanya idan sun zo wucewa. Kai dai ka fito daga kicin ka faɗa mota, ba ruwanka da santsi. Idan ka faɗi a wajen nan wa zai gan ka? Ko ka yarda da wannan, ko ka tattara ka biyo ni birni."

Orest ya ce to. Birni ne ba ya so.

Haka ya yi hunturun farko. Kullum da safe yana dafa gahawa cike da buta kamar yadda Halya ke yi, ya zauna bakin taga yana kallon titi. Yana ganin motocin da ya sani suna rage gudu a bakin hanyarsa, sai kuma su ƙara wuta su wuce. Da yamma ya zubar da gahawar a makwarara ya wanke butar. Cocinmu a rufe yake da hunturu, limamin cocin ba ya zuwa sai an yi mutuwa, saboda haka babu inda za a haɗu.

An kuwa yi mutuwar. Tsoho Metro Sawka ya rasu gab da narkewar ƙanƙara, a wurin cin abincin bayan jana'iza na hango Orest a lungu, kwat ɗinsa ya yi masa yawa.

"Ɗan birni, yaushe a gari?" na ce masa. "Calgary ba ta karɓe ka ba, duk ka zube."

"Ban je ko'ina ba."

"Kamar yaya ba ka je ko'ina ba?"

"Ina gida. Ina ganin ki kina wucewa da ƙwai." Ya juya kofinsa a hannu. "Ban ga laifin kowa ba, Stefka. Dama wurin Halya kuke zuwa, na sani."

Raina ya ɓaci.

"Kai tsohon nan, ina motarka?"

"Tana gareji."

"To wa zai shigo gidan da ba mota a waje? An ce maka ta bango muke gani? Duk gunduma ta ɗauka Darrel ya tafi da kai."

Ya tsaya da burodi a hannu, bai kai baki ba. A wajenmu ba a buga waya a ce ga ni nan zuwa. Ka waiga daga titi, idan motar mai gida na tsakar gida ka karya kan mota ka shiga, idan ba ta nan ka wuce. Sharar hanya ba ta nuna komai, har gidajen da ba kowa ana share musu saboda gobara. Shi kansa Orest ya wuce ƙofofin mutane ba adadi a kan wannan dalili, amma da abin ya zo kansa bai tuna ba. Ya kwashe wata da watanni yana zaton ba mai son ganin sa.

Washegari ya yaye tamfol. Tarakta ta yi fushi ta ƙi tashi, sai da ya hura gawayi a tsohon kwano ya tura ƙarƙashin injin, ya wuni yana lallashin ta kafin ta yi tari ta kama. Ya mayar da ita gareji, ya fito da a-kori-kura gindin falwaya, hancinta na kallon titi.

Da Darrel ya zo hutun Ista ya gani, aka yi ta. Ina gidan, ina yanka burodi.

"Baba, ba mun gama wannan maganar ba?"

"Tarakta ba ta son sanyi."

"Tarakta! Kai fa? Kai kana son sanyin?"

Orest ya dubi hularsa. Tausayinsa ya kama ni. Mutumin da ya yi noma shekara hamsin, ya binne iyaye da mata, amma ya kasa buɗe baki ya gaya wa ɗansa cewa kewar mutane yake yi. Darrel ya koma birni ransa a ɓace, mota kuma ta ci gaba da zama a waje.

Da hunturu na biyu ya shigo, Orest ya sami aikin yi. Idan dusar ƙanƙara ta zuba, da sassafe zai tayar da tarakta ya share hanya tun daga titi, da faɗin da mota biyu za su gifta juna. A tsakar gida kuma ya share fili kamar na bakin coci. Sannan ya ɗauki tsintsiya ya kakkaɓe a-kori-kura tas, don motar da ƙanƙara ta lulluɓe, mai ita ya yi tafiya ke nan.

Sai dai wa ya rage? Metro yana ƙasa. Su Petryk sun sayar da gonarsu ga wani kamfani mai noma da manyan injuna, wanda ba ya kwana a gona. Matar Hnatiuk ba ta gani sosai, an karɓe mata lasisin tuƙi. Yaran da suka rage kuwa ba su san waiwaye ba, idonsu na kan waya, sai sun aiko saƙo kafin su zo, shi kuma Orest wayarsa ta bango ce. Abin da filin nan ya gani a hunturun bai wuce motata ba, da tankar mai kawo dizal, da wata mata da ta ɓata hanya. Ita ma sai da ya sa ta sha kofi biyu kafin ya nuna mata inda za ta bi.

Ni ina zuwa ranar da nake kai ƙwai gari. Na zauna na yi ta zuba, shi yana "haka ne", wato na gaji aikin Halya ba albashi. Wani lokaci idan ƙarar mota ta taso daga titi, sai na ga ya daina ji na, ya miƙa wuya wajen taga har ƙarar ta ɓace. Ban taɓa yi masa tsiya a kan wannan ba, duk da bakina.

A watan Fabrairu aka yi ɗan ɗumi, ƙanƙara ta narke, sanyi ya dawo ya mayar da ko'ina gilashi, sabuwar dusa ta rufe. Ranar ba ranar ƙwai ba ce, likitan haƙori zan gani, har na makara. Na waiga don sabo. Motar tana nan, amma rabinta a share, rabi fari fat. Orest ba ya barin aiki rabi. Na taka birki na juya.

Na same shi kwance gefen taya, tsintsiya can nesa, gemunsa ya yi fari da sanyi. Ƙugunsa ya karye.

"Stefka," in ji shi, haƙoransa na kaɗawa, "gahawa na kan wuta. Sauke kada ta ƙone."

A barandar asibiti Darrel ya tare ni, idonsa jawur.

"Inna Stefka, motar nan ce ta kayar da shi. Sai da na faɗa."

"Motar nan ce ta sa na shigo," na ce.

Muka tsaya muna kallon juna. Shi da gaskiyarsa, ni da tawa, ba wadda za ta ɗaga Orest daga gado. Sai ya fashe da kuka, na riƙe shi kamar lokacin da yake ƙarami.

Likitoci suka ce ba zai koma gona ba. Darrel ya samo masa ɗaki a gidan kula da tsofaffi kusa da shi. Ranar da za a tafi da shi na je sallama, na tarar an sa masa rigar fita, hularsa a gwiwa.

"Zan roƙe ki wani abu," in ji shi. "Makullan suna jiki kamar kullum. Ki fitar da tarakta, ki sa motar a gareji, ki ja ƙofa."

"Ka sallama ke nan? Darrel ya yi nasara?"

"Ba haka ba ne." Ya juya hularsa. "Kada wani ya gan ta ya shigo, ya ƙwanƙwasa ya ji shiru. Ba daɗi."

Na buɗe baki zan ce wane wanin, sai na haɗiye. Na ce masa to.

Da yammacin ranar na je. Tarakta ta tashi bugu ɗaya, ta sha ɗumi. Na ajiye ta bayan rumbu na rufa mata tamfol, na cire wayar a-kori-kura na naɗe, na shigar da ita, na tsuke ciki na fito. Butar tana nan inda na sauke ta, na wanke na kife. Da na kai titi na waiga, tsakar gidan wayam, kowa ya gani ya san mai gidan ba ya nan.

Garejina mota biyu yake ci, tun rasuwar mijina kuma ba komai a ciki sai motata da buhunan abincin kaji. Da na isa gida ban buɗe shi ba. Na tsayar da motata a waje, hancinta na kallon titi, na jingine tsintsiya a bakin ƙofa saboda safiya.