Maganin da Na Nema wa Inna

Shekarun da kuɗin fetur ya shigo kowa na sayen babur, ni ma na sayi nawa da kuɗin ɗinki. A kansa na bi motar da ta ɗauko Inna daga Roni zuwa asibitin Kazaure, cikinta ya kumbura, ko kunu ba ya zama.

Likitan baƙo ne, ba ya jin Hausa. Ya danna cikin, ya duba idonta, ya juya ga nas ya faɗi kalma ɗaya a hankali: moriban. Na cafke ta. Na tambayi nas, ta ce in yi ta addu'a, ta wuce. Ni kuwa na ɗauka sunan magani ne da babu shi a asibitin. Har daɗi na ji, na ce da jin sunan ma abin mora ne.

Na ce wa ƙanwata ta kula da Inna, na tayar da babur. Babu kemis ɗin da ban shiga ba a Kazaure. Wani ya ce ya ƙare, Allah ya isa, maƙaryacin banza! Wani ya ce in gwada garin Babura, wajen masu kawo magani daga Nijar. Na tafi. Nan ma wayam. Na dawo wujiga-wujiga, ina tuƙi ina kuka kamar ba namiji ba.

Mai kemis na ƙarshe ne ya nuna mini wani dattijo a kan benci, tsohon malamin makaranta da ya yi boko tun zamanin Turawa. Na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, moriban nake nema."

Ya sa na maimaita. Ya tambaye ni a kan wa aka faɗi haka. Na ce mahaifiyata.

"Ɗana, moribund ba magani ba ne. Siffa ce, Bature ma ba kasafai yake faɗinta ba. Daga harshen Latin suka aro ta. Mori a can, mutuwa ke nan."

Na ce wallahi ƙarya ne, mori ai alheri ne! Ban san na ɗaga wa dattijo murya ba.

Bai yi fushi ba. Ya ce wutsiyar kalmar, bundus, tana nufin wanda yake cikin yin abu bai gama ba. "Tana kan hanya, amma ba ta isa ba. Tashi ka je."

Ban san yadda na isa asibiti ba. Na tarar tana numfashi sama-sama, ƙanwata na yi mata fifita. Inna ta buɗe ido da ƙyar.

"Ina ka shiga tun safe?"

"Magani na je nema, Inna."

"Ka samo?"

Na ce na samo. Na ɗebo ruwa a cokali na ɗiga mata a baki. Ta haɗiye, ta ce Allah ya yi mini albarka, wai har ta ji sauƙi. Ba ta kai la'asar ba.