Mutum-mutumin da Kakana Ya Sassaƙa a Saman Bene

Kwanakin baya na bi ta unguwar Al Quoz a Dubai zan karɓo wani kaya, sai na ji ƙarar sara daga cikin wani shagon kafintoci, ƙwas, ƙwas, a hankali, ba irin kukan injin da aka saba ji a wurin ba. Na tsaya a bakin ƙofa har mai shagon ya tambaye ni ko ina neman wani abu. Ba na neman komai. Kakana na tuna, da damina ɗaya da bai gani ba saboda yana wurinmu a Dubai.

A unguwar Satwa na tashi, a wani tsohon gida mai hawa biyu, mu da wasu iyalai muna raba kicin ɗaya. A ƙasa teloli ne da mai gasa burodi. Ina firamare aka kawo kakana, mahaifin Abba, daga ƙauye domin a cire masa yanar ido. Masassaƙi ne. Turmi da taɓarya, akushi, kujerar mata, ƙotar fartanya, duk ya yi su tun yana saurayi, sai da ganinsa ya dushe ya ajiye.

An yi aikin lafiya, ido ya buɗe, amma mutumin bai dawo ba. Likita ya ce ya zauna watanni ana duba shi. Lokacin zafi ne, irin zafin nan mai ɗanshi da in ka fita kamar an lulluɓe ka da jiƙaƙƙen bargo. Yini yake zaune a kan darduma yana kallon bango. In Umma ta durƙusa ta ajiye masa tuwo, ya ɗan taɓa ya ture. Kullum maganarsa ɗaya, a mayar da shi gida. Ni kaɗai nake sa shi murmushi, don in na dawo makaranta yakan ce, "Amarya, yau ma kin bar angonki da yunwa."

Da sanyi ya fara shigowa, malamarmu, wata Ba'indiya, ta raba mana aiki. Kowane yaro zai kwaikwayi abin hannu na wata al'umma, a baje a makaranta. Ni aka ba ni mutanen wasu tsibirai da ke can tsakiyar teku, Folinisiya, sunan da ban taɓa ji ba. Ta ba ni hotunan mutum-mutuminsu na katako. Yawancinsu masu manyan idanu ne da wangamemen baki. Ɗaya ne ya bambanta: dogo, sumul, kai kamar ƙwai, babu ido, babu baki, ƙafafu gajeru, hannaye a sake a gefe. Malama ta ce in yi da kwali ko yumɓu.

Ina zaune ina ɓata kwali sai kakana ya miƙo hannu. Ya kai hoton kusa da fuskarsa, ya nisanta shi, ya juya shi wajen hasken taga. Ya daɗe a haka. Tun da aka yi masa aiki ban ga ya kalli wani abu irin wannan kallon ba.

"Wanda ya yi wannan ya san itace," in ji shi. "Dubi inda wuya ya haɗu da ƙirji. Da gizago ya yi, sannan ya goge. Amarya, kwali ba zai yi ba."

Ya sa na jawo jakarsa daga ƙarƙashin gado. A cikin tsumma, tsakanin rigunansa, ya fito da ruwan gizago, babu ƙota. Ashe tun daga gida ya ɓoye shi, alhali da ƙyar yake ganin tafin hannunsa lokacin da ya taho.

Da Abba ya dawo ya ji zancen, ransa bai so ba. Ya zauna a ƙasa, ya sunkuyar da kai kamar yadda yake yi in zai yi wa mahaifinsa magana.

"Baba, wannan fa gunki ne. Mutanen can bauta masa suke yi."

"Na sani. Ban taɓa yi wa itace ido ba, ba kuma yanzu zan fara ba. Wannan da na zaɓa shi ma mai shi bai yi masa ba. Aikin makarantar yarinya ne. A sama za a yi shi, ba zai shigo inda muke salla ba, ranar da aka gama ya bar gidan."

Abba ya tashi ya fita. Umma ce ta raɗa masa daga baya, ina ji, cewa yau tsohon ya cinye tuwonsa tas. Washegari Abba ya shigo da guntun katako mai kauri daga ma'ajiyar kayan da yake aiki.

Saman benen nan ne ya zama wurin aikinmu, tsakanin tankunan ruwa da igiyoyin shanyar maƙwabta. Iskar teku tana kaɗawa, ana jin kiran salla daga masallatai da yawa a lokaci guda. Kakana ya yi wa gizagon ƙota da hannunsa, ya wasa shi a jikin siminti. Ya shinshina katakon ya ce ba ƙirya ba ce, ba maɗaci ba, itace ne mara dangi, amma za a lallaɓa. Ya jingina hotunan da bango, ya danne su da dutse. Yakan auna da tsinken tsintsiya: tsawon kai sau nawa ya shiga jiki, faɗin kafaɗa sau nawa ya fi ƙugu. Sai ya zana da gawayi, ya sara kaɗan, ya koma ya kalli hoto. Ni aikina goge da samfefa, kuma in aka zo wuri mai sauƙi ya ɗora hannunsa a kan nawa mu sara tare.

Gaba ya fito, gefe ya fito. Sai aiki ya tsaya, domin hotunan wannan mutum-mutumin biyu ne kawai, babu wanda ya nuna baya. Na tambayi malama, ba ta da shi. Na je shagon kwamfuta na kan layinmu, mai shagon ya nema mini har ya gaji ya ce, "Khalas, shi ke nan, babu."

Wata Juma'a da la'asar Abba ya hau sama ya kira mu cin abinci. Kakana ya dube shi ya ce, "Zo nan. Cire rigar ka juya mini baya, in ga yadda bayan mutum yake sauka."

Abba ya yi dariya, ya ce a bari. Kakana ya ci gaba da jira. Ƙarshe Abba ya cire rigar ya juya.

A gida kowa ya san Abba a ofis yake, yana rubuta takardun kayan da ’yan kasuwar Kano suke aikawa. Ni ma haka na sani, don kullum da gogaggiyar riga yake fita. Amma kafaɗarsa ta dama ta yi baƙi ta yi kanta, ta sauko ƙasa da ta hagu, ga sawun igiya ya ratsa har tsakiyar baya.

Kakana ya tashi ya ɗora tafin hannunsa a wurin.

"Ashe kaya kake ɗauka."

"Wani lokaci ne, Baba. In ma'aikata ba su isa ba."

"Wannan ba na wani lokaci ba ne."

Iyakar abin da suka ce ke nan. Abba ya mayar da rigarsa, muka sauka muka ci abinci. Daga ranar, in Abba ya dawo aiki, kakana yakan sa Umma ta ɗora ruwan zafi, ya gasa masa kafaɗar da kansa, ya shafa man kaɗanya. Abba yana jin nauyin hakan, amma bai isa ya hana ba.

Kakana ya ƙarasa bayan mutum-mutumin cikin ’yan kwanaki. Kafaɗa ɗaya ta ɗan sauko. Na nuna masa cewa a hoton daidai suke, ya ce gaban na mutanen tsibiri ne, bayan kuwa abin da ya gani ya yi. Na kai makaranta a nannaɗe cikin zanen Umma. Malama ta juya shi a hannu ta tambaye ni wa ya yi, na ce ni da kakana. Ta sa shi a kan kanta a ɗakin zane, a can na bar shi da na gama makarantar.

Kakana ya koma gida kafin zafi ya dawo. Daga baya muka ji ya tara ’yan'uwa ya ce kada wanda ya ƙara aika wa ɗansa da saƙon a sayo masa waya ko agogo. Bai faɗa musu dalili ba har ya rasu.

Yanzu an rushe gidan nan na Satwa. Abba ya bar ɗaukar kaya, ya koma Kano, hannunsa na dama ba ya ɗaguwa sosai. ’Yata in aka ba ta irin wannan aikin, a waya take juya abin ta ga kowane ɓangare, wani shago ya fitar mata da shi da inji kafin yamma. Ban ce hakan laifi ba ne. Da na girma na karanta cewa yawancin waɗancan mutum-mutumin an kwashe su tuntuni zuwa gidajen tarihi na Turai, har masassaƙan tsibiran na yau su ma daga hoto suke kwaikwayon aikin kakanninsu. Nakan yi tunanin wani tsoho a can bakin teku, ya jingina hoto da bango ya danne da dutse, ya iso inda hoton ya ƙare, ya ɗaga kai yana neman wanda zai kira daga cikin ’ya'yansa.