Meyer, Sunan da Ya Tsare Ni a Alƙahira

Salama ga mai kula da wannan shafi da duk masu karatu. Ina roƙon a sakaya sunana. Lokacin da abin nan ya faro, ni ɗaliba ce 'yar shekara ashirin da uku, ina aji uku a fannin Shari'a a nan Alƙahira, kan tallafin karatu. Mahaifina malamin firamare ne da ya yi ritaya a wani gari na jihar Zamfara, kuma ni ce mace ta farko a danginmu da ta fita waje karatu. Mu huɗu muke zaune a wani gida na haya a unguwar Abbasiya, dukanmu 'yan Arewa. Ni ake kawo wa tambaya idan mas'alar fiƙihu ta rikice, ni ke yi wa sababbin zuwa nasiha kan su kama kansu. Ba zan ɓoye ba, a lokacin ina ganin kaina sama da sauran, ina jin cewa irin kuskuren da mata ke faɗawa ba zai taɓa samun mai ilimi irina ba.

A hutun wannan shekarar na samu aikin koyar da Larabci ga baƙi a wata ƙaramar cibiya a unguwar Dokki. A can na haɗu da shi. Bature ne dogo, mai sanyin magana, ya kai shekara talatin da biyar. Ya ce daga Jamus yake, injiniya ne, ya musulunta shekara biyu da suka wuce, ya zo ya koyi harshen Alƙur'ani. Da sunan Musulunci da ya zaɓa wa kansa kowa ke kiransa. Idan aka kira salla shi ke fara tashi. Yakan tsaya bayan darasi ya yi ta tambayata kan alwala da azumi, yana rubutawa a ɗan littafi. Na fara da jin daɗin cewa ina samun lada, ban san lokacin da na fara duba madubi sau biyu kafin in hau metro, jirgin ƙasan cikin gari, ba.

Wata rana na tambaye shi sunan gidansu. Ya ce Meyer, ana faɗinsa kamar "Maya". Ya gaya mini tsohon gida ne na masu filaye da gonaki, kakanninsa su ke riƙe da ƙasar yankinsu, kuma duk wanda ka tsayar a garinsu ka ambaci sunan zai nuna maka ƙofarsu. Ni kuwa na auna maganar da ma'aunin gida. A wurinmu idan aka ce gidan wane, to gida ɗaya ne, ko makaho zai kai ka. Sai na ji hankalina ya kwanta, na ce a raina mutumin da ke da asali irin wannan ba ya ɓata.

Da ya yi maganar aure, na ce sai an sanar da mahaifina. Ya ce shi ma abin da yake so ke nan, amma takardun auren baƙi a hukumance suna cin lokaci, shi kuma yana tsoron saɓon Allah. Mu ɗaura na urfi tukuna, wato na takarda da shaidu biyu ba tare da rajista ba, in ya so da babbar salla mu tafi Najeriya tare a yi na gaban dangi. Na san hukuncin aure ba waliyyi, na rubuta jarrabawa a kansa har na ci. Amma na koma littattafai ina neman ra'ayin da zai ba ni abin da zuciyata ta riga ta yanke, na kuwa samu. Aka ɗaura a ofishin wani mutum da ya ce shi lauya ne, shaidun abokansa ne biyu da ban taɓa gani ba kafin ranar, ban kuma sake gani ba. Aka rubuta takardar da hannu, da Larabci: sunansa na Musulunci, sai sunan gidan da haruffa huɗu na Larabci. Babu lambar fasfo. Ban taɓa riƙe fasfonsa a hannuna ba. Na ji kunyar tambaya, kada ya ga kamar ban yarda da shi ba.

Na gaya wa abokan zamana cewa cibiyar ta ba ni ɗaki kusa da aiki, na koma wurinsa a Dokki. Wata tara muka yi, kuma ba zan yi masa ƙarya ba, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Babbar salla ta zo ta wuce, ya ce aiki ya riƙe shi. Ina da cikin wata biyar ya ce mahaifiyarsa ta faɗi a banɗaki ta karye, zai je ya dubo ta, mako biyu. Ni na haɗa masa kaya, har na sa masa dabino da turare ya kai mata. Kwana huɗu muna waya. A na biyar lambar ta daina shiga. Da wata ya ƙare, mai gadin benen ya hau ya ƙwanƙwasa, ya ce ma'alish ya madam, wato in yi haƙuri, gidan na haya ne wata-wata da kayansa, mai gidan yana son mabuɗinsa. A cibiya aka duba mini rajista, aka tarar da sunan Musuluncin kawai ya bayar. Kamfanin da ya ce yana yi wa aiki kuwa, na je har inda ya kwatanta, shagon sayar da tayal na tarar.

Ban iya komawa Abbasiya da ciki ba. Wadda ta ɗauke ni wata dattijuwa ce Bahaushiyar Sudan da ke shara a cibiyar, muna kiranta Khala. Ta kai ni ɗakinta a unguwar Arba wa Nus, ta ba ni katifa, ba ta tambaye ni komai ba sai da na gaya mata da kaina. A hannunta na haifi 'yata, fara sol, mai gashi ruwan zuma. Da muka je neman takardar haihuwa aka ce sai da takardar aure ta hukuma ko shaidar uban, ko kuma hukuncin kotu. A ofishin jakadancinmu aka ce za su taimaka da fasfo idan na kawo takardar haihuwa. Ni kuma a lokacin na daina zuwa makaranta, tallafi ya tsaya, iƙamata, wato izinin zamana a ƙasar, ta mutu. Yarinyar ba za ta iya fita ba takarda ba, ni kuma idan na fita ba ni da tabbacin za a bar ni in dawo.

Duk da haka ban karaya ba, domin ina da sunan. Na yi ta gaya wa Khala cewa gidansu sananne ne, da na samu wanda ya san Jamus magana ta ƙare. Khala ta haɗa ni da wata tsohuwa Bamisriya da take yi wa wanki, wadda ta yi shekaru tana koyar da Jamusanci. Khala ta raka ni gidanta da safe da jaririyar a goye, na miƙa mata takardar auren. Ta sa tabarau ta duba. Sannan ta ɗauki biro ta rubuta kalmomi huɗu a jere da boko: Meyer, Meier, Mayer, Maier.

"Wanne ne nasa, 'yata?" ta tambaye ni.

Na ce ai duk ɗaya ne, Maya.

"A kunne ɗaya ne, a Larabci ma ɗaya ne. A takardunsu kuwa huɗu ne daban. Masu 'e' sun fi yawa a arewacin ƙasar, masu 'a' a kudu. Wane gari ya ce miki?"

Na faɗi sunan birnin. Ta girgiza kai, ta ce babban birni ne, kamar mutum ya ce shi ɗan Alƙahira ne. Na ce mata amma ai gidan masu filaye ne. Sai ta cire tabarau ta yi mini bayani a hankali, kamar mai gaya wa mutum rasuwa. Ta ce sunan daga wata kalmar Latin ya fito mai nufin babba. A zamanin da, laƙabin aiki ne: mutumin da mai ƙasa ke ɗorawa a kan gandunsa, ya kula da noma, ya tara amfanin gona ya kai wa ubangida. Daga baya ana kiran manomin da ke riƙe da babbar gonar aro da shi. Kusan kowane ƙauye yana da nasa, shi ya sa da laƙabi ya koma sunan gado, iyalai barkatai da ba su haɗa jini ba suka tashi da shi. Ta ce idan aka haɗa rubutun nan huɗu, yana cikin sunayen da suka fi yawa a ƙasar baki ɗaya.

"Kamar a wurinku a ce miki sunansa Sarkin Noma, ki je ki nemo shi," in ji Khala, da ke tsaye bakin ƙofa.

Tsohuwar ta ƙara da abin da ya rushe sauran fatana. Ta ce sunan yana nan a Austriya, yana nan a Suwizalan, har Amurka an kai shi. "Kin ga fasfonsa da idonki? Kin tabbata ma Bajamushe ne?" Na tuna yarinyar ta farka tana neman nono, na zauna a kujerar matar ina shayar da ita, ina kallon kalmomin nan huɗu har suka dushe mini.

Shekara uku na yi ina bin sunan nan. Na koyi rubuta saƙo ɗaya da Jamusanci, na yi ta tura shi ga duk mai sunan da na gani a intanet, da hotonsa ɗaya tilo da nake da shi, wanda ya juya fuska gefe. Yawanci ba sa amsawa. Wasu suka toshe ni, suna zaton 'yar damfara ce. Wata tsohuwa ta amsa da cewa ba ta san shi ba, amma za ta yi mini addu'a. Ina aikin goge-goge a gidajen mutane, ina kauce wa duk titin da na hango 'yan sanda. Gida kuma ƙarya nake yi musu, na ce na wuce zuwa digiri na biyu, bincike ya hana ni zuwa hutu. Idan za mu yi waya ta bidiyo, Khala ke fita da yarinyar. Aka yi bikin ƙannena biyu ba ni. 'Yata ta fara magana, Larabcin unguwa da Hausar Khala, yaran layi suna kiranta baturiya. Ta isa shiga makaranta, babu takardar da za a rubuta ta da ita.

Bara aka kwantar da mahaifiyata, ciwon ƙoda. Ƙanwata ta kira ta ce Inna ba ta da magana sai tawa. Khala ta ce in tafi in bar mata yarinyar, za ta riƙe ta kamar jikarta. Na haɗa jaka, na kwance, na sake haɗawa. Na kalli yarinyar da ba ta da suna a kowane littafi na duniya, na san idan wani abu ya samu Khala babu mai iya cewa ga uwarta. Ban tafi ba. Inna ta rasu ranar wata Laraba da hantsi, tana zaton karatu ne ya fi ta a wurina.

Bayan addu'ar bakwai na kira mahaifina na gaya masa komai, tun daga cibiyar har zuwa ranar. Bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa ya yi, "Da kin faɗa da wuri, da uwarki ta ga jikarta ko a waya ne." Sannan ya ce in ba yarinyar wayar. Na ji shi yana tambayarta sunanta, tana ba shi amsa da Larabci, shi kuma yana ta maimaita mata cewa shi ne kakanta.

Yanzu wata ƙungiya mai taimaka wa baƙi ta ba ni lauya, maganar tana kotu. An ɗaga zama sau uku, domin ba a san inda za a aika wa wanda ake ƙara sammaci ba. Lauyar ta ce akwai hanya ko ba a same shi ba, sai dai in yi haƙuri. Ina nan Arba wa Nus ina jira. Na daina tura saƙonni.

Abin da na koya shi ne, ilimi ba ya tsare wanda ya riga ya yi niyyar yaudarar kansa. Ba Turanci ko Jamusanci ne ya ci ni ba, ɓoyewa ce. Duk abin da na kasa gaya wa mahaifina a ranar farko, ashe na san ba daidai ba ne. 'Yan'uwana mata da ke karatu ko aiki a ƙasar wasu, don Allah kada ku yarda da auren da za a ce a sanar da iyaye daga baya. Ku ga fasfo da idonku, ku ga yadda ake rubuta sunan da haruffan ƙasarsu, ku ji muryar wani nasa, a rubuta auren inda hukuma ta sani. Mai niyyar zama ba zai ji haushin tambaya ba. Kuma idan kin riga kin faɗa, ki kira gida yau, tun waɗanda za su yafe miki suna da rai. Ni na jira, na samu gafarar mutum ɗaya, ɗayar kuwa sai dai in roƙa mata rahama daga nesa.