Ranar Da Aka Yi Musu Da Arlo Huisman

Na daɗe ina yi wa ƙananan kwalejojin jiharmu ta Iowa da ke Amurka kallon wurin ɓata lokaci. Ni a babbar jami'a na yi karatu, can nesa da gida, kuma da na dawo ban ga abin da zai sa yaro mai kai ya zaɓi makarantar da ba ta kai ƙauye girma ba, ya taɓa tarihi, ya taɓa lissafi, ya taɓa falsafa, ya fito babu sana'a ɗaya a hannu. Labarin Corinne Huisman ne ya sa na rage baki.

Corinne ce yanzu ke riƙe da gonar masara da waken suya ta gidansu, kuma in taron manoma ya rikice ita ake juyowa a kalla. Wanda ya san ta tana yarinya ba zai yarda ba. Mahaifinta, Arlo, ba mafaɗaci ba ne, sai dai in ya faɗi magana ta zauna. A gidan nan ba a musu. Corinne ta tashi da "to, Baba" a bakinta, ko da zuciyarta na cewa a'a.

Da ta kusa gama sakandare, Arlo ya yanke cewa babbar jami'ar jiha za ta je, ta karanci aikin gona. Ita kuwa wata ƙaramar kwaleji ce a ranta, amma ta kasa furtawa. Iyakar abin da ta iya shi ne roƙon ya kai ta ranar da ake buɗe wa baƙi ƙofa.

"Mu je ki ga inda 'ya'yan masu hali ke koyon surutu," in ji shi, yana neman makullin mota.

Al'adar makarantar ita ce baƙo ba ya tsayawa a bayan aji. Tebur ɗaya ne, kowa a kansa yake zama. Haka Arlo ya tsinci kansa tsakanin ɗalibai, hularsa a kan gwiwa. Malamar ajin, Farfesa Lindqvist, ta yi tambaya ɗaya: shin dole ne mutum ya cika alkawarin da ya yi wa wanda ya riga ya mutu? Daga nan ta ja bakinta ta tsuke. Can haka suke yi, malami ba ya cike wa ɗalibai shiru.

Shirun ya yi tsawo har ya ishi Arlo.

"Wannan har tambaya ce?" ya ce. "Na yi wa ubana alkawari ba zan sayar da ko taku ɗaya na gonarsa ba. Ya mutu, gona tana nan. Shi ke nan."

Wani dogon ɗalibi mai suna Desmond, ɗan Chicago, ya gyara zama.

"Ranka ya daɗe, to in mahaifin naka kuskure ya yi fa?"

Arlo ya juyo ya dube shi.

"Kai yaro, ka taɓa riƙe ko shebur?"

"Ko tumatir na shuka mutuwa yake yi," in ji Desmond, aji ya kwashe da dariya. "Amma ba ka ba ni amsa ba. In fari ya zo, ya zama ko gona ko cikin iyalinka, wa za ka saɓa wa, mamaci ko masu rai?"

Corinne ta jira ta ga mahaifinta ya sa hula ya fita. Bai fita ba. Ya shafa haɓa, ya ce wannan kam sai ya yi tunani. Wata ɗaliba ta tare masa, wata ta tare wa Desmond, aka yi ta ja har lokaci ya ƙare, ba wanda ya ci. A bakin ƙofa Arlo ya miƙa wa yaron hannu, ya ce masa bakinsa ya fi kansa girma, amma ba laifi.

Suka kama hanyar komawa gida. Corinne tana kallon gonakin da aka girbe, tana juya abin da ta gani: an ce wa Baba a'a, kuma sama ba ta faɗo ba.

"Baba."

"Na'am."

"Kwalejin nan nake so."

"Na riga na gama magana, Corinne."

"Na ji. Amma ina ganin ka yi kuskure." Ta ce noma a bayansa ta koye shi, kuma za ta ƙara. Abin da ba ta iya ba shi ne buɗe baki a gaban mutane, kuma a babbar jami'a, a ɗakin da ɗalibai suka cika maƙil, za ta ɓuya ne har ta gama, ba wanda zai san ta zo.

Arlo ya ci gaba da tuƙi. Da lokacin shiga makaranta ya yi, shi ya loda mata kaya a bayan mota, ya kai ta ƙaramar kwalejin.

Kwanan baya na sami Corinne a rumfar da take ajiye tarakta, na tambaye ta ko tsohon ya taɓa yarda cewa ita ce da gaskiya.

"Baba?" Ta yi dariya, tana goge baƙin mai a hannunta. "Har ya rasu bai faɗa ba. Sai dai duk hutun da na dawo, kafin in ajiye jaka zai ja kujera ya ce, 'To, sarauniyar gardama, a kan me kuke musu yanzu?'"