Inda Baba Yake Cin Zabo

Bayan rasuwar Inna, ni na ɗauki girkin Baba. Gidan aurena a nan cikin Makarfi yake, ba nisa tsakaninmu, don haka kullum da rana nakan zuba tuwo a kwano in kai masa da kaina. Yayyena maza suna Kaduna da Zariya, sai dai waya. Baba tsohon manomin rake ne, mutum mai ƙarancin magana tun asali, da Inna ta tafi kuwa sai ya ƙara rufe baki. In na ajiye kwanon ya ce, "Allah ya yi albarka, Uwata," don sunan mahaifiyarsa aka sa mini. Washegari in tarar ya ɗan gutsuri gefe ya bar saura. Na canza miya har na gaji, daga kuka zuwa kuɓewa ɗanya zuwa taushe, amma kullum ƙara ramewa yake.

Da kaka ta yi sai na ga ya fara murmurewa. Kumatunsa suka ciko, har yana tsokanar jikokinsa. Na yi murna, na ɗauka girkina ne ya fara karɓarsa, duk da kwanon bai daina dawowa da tuwo ba. Ran nan ina wanke masa kaya na ji babbar rigarsa tana ƙamshin hayaƙi da yaji, ga ɗigon mai a ƙirji.

Maƙwabcinsa mai babur na tambaya. Ya ce, "Au, ba ki sani ba? Ai kullum bayan azahar nake kai shi hanyar Gazara, wajen masu gashin nan."

Na yafa mayafi na bi sawu. Rumfa ce ta kara a gindin mangwaro, da benci da tabarmi, sai tukuba tana hayaƙi a gefe. Mata da miji ne ke da wurin, daga Kurmin Kogi suka taso. Shi ke gashi, ita ke haɗa yaji da ƙuli-ƙulin da take yi da hannunta. Zabi daga rugage ake kawo musu, ran kasuwa su yanka rago. Albasa da tumatir na fadamar bayan rumfar ne, dankalin garin Kudan kuma a cikin rushi suke binne shi har ɓawonsa ya tsage. Tsofaffi marasa haƙori, bayan an gasa nasu sai a zuba a tukunyar ƙasa a rufe a bakin wuta, har naman ya saki ƙashi.

Ban ƙarasa ba na ji dariyar Baba. Na tsaya bayan wani tulin rake. Yana zaune a tabarma, ya cire hula, manoma da direbobi sun kewaye shi, yana ba su labarin ranar da ya fara ganin Inna. Wai a wurin dafa mazarƙwaila ne, an aiko ta saye, shi kuma yana juya kasko, ya shagala da kallonta har mazarƙwailar ta kama ta yi baƙi. Na girma a gidan nan, na yi aure na haihu, ban taɓa jin wannan labarin ba. Na san uba ba ya irin wannan zance da 'yarsa. Sanin bai hana ƙirjina yin zafi ba.

Matar ce ta hango ni. Ta saki taɓarya ta taho tana goge hannu a zani.

"Sannu da zuwa, Yaya. Ke ce Uwar Baba, ko? Ga kama nan. Ya gida, ya yara, ya ƙarin haƙuri?"

Na amsa a taƙaice, don idona ya riga ya sauka kan turmin da take daka yaji a ciki. Baƙin turmi ne mai tsaga a baki, an ɗaure shi da waya. Na Inna ne. A cikinsa na koyi daka.

Baba da ya gan ni ya mayar da hularsa, ya gyara zama, ya koma Baban da na sani. Aka kawo mini cinyar zabo da dankali a faranti. Na so in sami abin kushewa, ko gishiri ya yi yawa ko ciki bai gasu ba. Ban samu ba. Na cinye tas, raina na ƙara ɓaci.

Da muka koma gida na durƙusa gabansa na ce, "Baba, ashe turmin Inna can ya koma."

"Can ya koma."

"Da ni ka ba."

"Ke ai inji kike kai niƙa, Uwata. A ɗaki gara za ta cinye shi. Can kuwa ina jin ƙararsa."

A makon na sayi zabo, na jiƙa shi da citta da tafarnuwa, na wuni a bakin gawayi hayaƙi na cika mini ido. Maigidana da yara suka ci suna santi. Baba ya ci cinya guda, ya ce ya yi daɗi, ya sa mini albarka, washegari bayan azahar ya hau babur. Maigidana ya yi ta dariya, yana cewa bai taɓa ganin mace tana kishi da rumfar kara ba. Na ce masa ba da rumfa nake ba. Ya ce to da wa? Na tashi na bar masa wurin.

Da damina ta yi nisa zazzaɓi ya kwantar da Baba. Na tare a gidan, ni ce magani, ni ce kunu, ni ce wanki. A raina har wani daɗi nake ji, ga shi dai ya dawo hannuna. Ko zama ba ya iya yi sai na tallafe shi.

Wata la'asar, ana yayyafi, sai ga sallama. Su ne, mijin da matar, sun rufe rumfa sun taho da tukunyar ƙasa a naɗe cikin tsumma. Mutumin da tun safe ya kasa ɗaga kai, da ya ji muryarta sai ya dafa bango ya tashi zaune da kansa.

"'Yata ce? Shigo, 'yata. Ya kuka baro mutanen?"

Na karɓi tukunyar na fita madafa. Na daɗe a tsaye riƙe da ludayi, ban zuba komai ba. Can ta biyo ni, ta tsuguna a bakin murhu tana gyara itacen da ba ya bukatar gyara.

"Yaya, na san ranki ba ya so," in ji ta, ba ta dube ni ba. "Ni ina goye ubana ya rasu, ko kamanninsa ban sani ba. Ba ƙwace miki zan yi ba. Ki ɗan sam mini kawai."

Na ce mata ba komai. Na tausaya mata har cikin raina, amma da na kai masa romon na ga ya shanye har yana neman ƙari, abin ya sake taso mini sabo.

Baba ya warke, ya koma zuwa rumfarsa. Yanzu wasu ranakun nakan bi shi. Ina zama can ciki wajenta, ina yanka mata albasa, ina kasa kunne ta jikin karan rumfa. Ta haka na ji yadda ya taɓa kwana a gona don tsoron kakana, da wasu labaran da ba zai taɓa faɗa a gabana ba. Muna shiri da ita, har suna na je mata da ta haihu. Amma har yau in ya ɗaga murya ya ce "'yata", ni ma sai in ɗago kai, sannan in sunkuya in ci gaba da yankan albasa, ita kuma ta tashi ta tafi.