Awon da Kawu Ya Riƙe a Ka

Kawuna tela ne, shekara talatin da ɗoriya yana taka keke a shago ɗaya, kuma abin alfaharinsa guda ne: ba ya auna mutum sau biyu. Ranar da ka fara zuwa zai zagaya ka da tef, ya lumshe ido, ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa. Shi ke nan, ka shiga ma'ajiya. Littafin awo kuwa, a cewarsa, na telolin da Allah bai ba su kai ba ne.

Kan nasa ba ya mantuwa, wannan gaskiya ne. Matsalar ita ce mutane ba su da ta ido, sai su yi ta canzawa ba su sanar da shi ba. Wani direba da aka auna tun yana saurayi ya dawo da tumbi, riga ta ƙi wuce ƙirji. Kawu ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Ɗinki daidai yake, kai ne ka saka ta a karkace." Ni kaina har na yi aure wandunan da yake ɗinka mini a ƙwauri suke tsayawa.

Da matarsa, Inna, ta fara ramewa, kowa ya gani ban da shi. Maƙwabta sun gani, har mai kayan miya ya yi magana. Na same shi a shago na ce, "Kawu, a kai Inna asibiti, ta zube."

"Wace Innar? Matar da nake gani kullum? Yadda na auro ta haka take."

Haushi ya kama ni, na fice daga shagon. Wata huɗu muna wannan ja-in-ja, ita kuma ta ce ba inda za ta sai ya ce a je.

Don ya rufe mana baki, sai ya yanko yadi ya ɗinka mata riga da awon da ke kansa. Ta saka ta fito tsakar gida. Wuyan rigar ya zame ta kafaɗa ɗaya, ƙasusuwa duk a waje, sauran rigar tana reto kamar an rataye ta a ƙusa.

Na jira ya ce a karkace ta saka. Bai ce ba. Ya shiga ɗaki ya fito da tef, ya zagaya ƙugunta, ya duba lamba, ya sake zagayawa. A nan tausayinsa ya kama ni.

"Tun yaushe?" ya tambaye ta.

"Tun bara, Malam."

Ya juyo, bai iya haɗa ido da ni ba, ya ce in je in nemo mota.