Malam Gwadabe da Ƙofar Garun Tsauni

Da hantsin ranar Talata, 18 ga watan Nuwamba, 2025, ina tsaye a Kwanar Dangora ina jiran motar Kano, sai wayata ta yi ƙara. Abdulmalik ne, babban ɗan Malam Gwadabe Isa. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba, ya shaida mini cewa mahaifinsu ya cika da safiyar nan a gidansa da ke Garun Tsauni, cikin Ƙaramar Hukumar Doguwa, bayan gajeriyar jinya. Na tsallaka titi, na shiga motar da ke komawa inda na fito. Mu na Allah ne, kuma gare Shi makomarmu take. Abin da na yi ta maimaitawa ke nan har muka wuce Tudun Wada.

Malam, ni ɗalibin zayyanar gine-gine ne, da digirina a hannu, kuma na zauna gaban manyan masana na saurari laccocinsu. Saboda haka da hujja nake magana idan na ce kudancin Kano ya yi rashin haziƙi, ma'abocin basira da hangen nesa, wanda samun makwafinsa zai yi wuya a wannan ƙarni. Wanda ya ga na yi zuzutawa, ya zo mu yi muhawara.

Ga waɗanda ba su san ka ba, kai malamin zanen fasaha ne. Ka koyar a Kiru, ka koyar a Bebeji, ka yi ritaya a Tudun Wada, sannan ka komo gida. A farkon shekarun 1980 aka tura ku kwas ƙasar Italiya, kai da wasu malaman sana'a, aka sauke ku a Perugia, birnin da ke zaune a kan tsauni. Abokan tafiyarka sun dawo da takalman fata da akwatunan rediyo. Kai kuwa ka dawo da hotuna da wata damuwa wadda ba ta sake ka ba har ka koma ga Mahaliccinka.

A zaurenka muka fara jin labarin tsofaffin garuruwan Italiya na kan tsauni, muna yara. Ka ce mana mutanen zamanin da sun hau tsaunuka ne don tsoron mahara, suka kewaye kansu da ganuwar dutse, suka yi lunguna ƙunci-ƙunci masu matakala, waɗanda jaki biyu ba sa iya giftawa a ciki. Ka ba mu labarin Orvieto, garin da ke kan ƙaton dutse kamar an ɗora shi da hannu, da rijiyarsa mai hanya biyu a murɗe, ta sauka daban, ta hawa daban, domin jakunan ɗebo ruwa kada su yi karo. Ka nuna mana hoton San Gimignano da dogayen hasumiyoyinsa, waɗanda attajiran garin suka gina don gasa, kowa na son tasa ta fi ta maƙwabcinsa tsawo. Kakan yi dariya ka ce ashe cutar alhazan da ke ƙara bene a kan bene tsohuwa ce, kuma ba ta san launin fata ba.

Sai dai ba tsawon hasumiya ne ya kama zuciyarka ba. Ka ce wata safiya ka ga tsohuwa ta leƙo ta tagar da aka huda a jikin ganuwa mai ɗaruruwan shekaru, tana shanya wanki. A ƙasa kuma ga wani dattijo yana cike tsagar bango da farar ƙasa. Da ɗan yarensu da ka koya ka tambaye shi ko hukuma ce ta sa shi. Ya ce a'a, wannan ɓangaren na gidansu ne, ubansa ya gyara shi, kakansa ma haka. Daga baya aka kai ku wani ƙaramin gari da mutanensa suka watse suka bar shi, ka ga yadda ƙasa ke zaizayewa daga ƙarƙashin gidaje. Daga waɗannan biyun ka ciro falsafarka, wadda ni a yau nake ɗauka a matsayin ƙa'ida ta ilimi: gini ba tsufa ke kashe shi ba, ɗaukewar ƙafa ce.

Mu ma a Garun Tsauni kakanninmu a kan dutse suka zauna, a bisa dalili irin na waɗancan. Sun jera duwatsu suka yi ganuwa, suka gina soron ƙofa na ƙasa da azara a ɓangaren gabas. Da zaman lafiya ya samu, aka fitar da titi, sai jama'a suka sauko gida-gida suka bar kufai ga awaki. Lokacin da ka dawo daga Italiya, rufin soron ya fara ɓurmawa, kuma babu wanda abin ya dama. Ka hau kai kaɗai ka duba, ka sauko ka tafi wurin dagacin wancan lokaci, ka ce da shi abin da Turawa ke tsallako teku su kalla, ga irinsa a bayan gidanmu muna ɗaure akuya a ciki.

Ba ka nemi kwamiti ba, ba ka jira hukuma ba. Ka farfaɗo da gayyar yaɓe, wadda tsofaffi suka ce an daina tun suna samari. Duk shekara idan an kai amfanin gona gida, sai ka sayi goro ka bi unguwa-unguwa da ƙafarka kana rabawa, kuma a al'adarmu wanda ya karɓi goron gayya ya ɗauki alkawari. Maƙera suna da bangon arewa, mutanen Unguwar Liman na kudu, Fulanin rugar Arɗo Sha'aibu su kawo kashin shanu na kwaɓi, mata su jiƙa makuba, wato ɓawon ɗorawa da ke hana ruwan sama cin bango. Matarka Inna Kaltume ita ke ɗora tukwane. An yi maka dariya, an laƙaba maka Ɗan Italiya, har wasu suka ce sanyin Turai ya taɓa maka kai. Ka karɓi sunan, kana amsawa da fara'a.

Wata shekara wani ɗan gari mai hali ya zo daga Abuja da kyakkyawar niyya, ya ce zai shafe soron da siminti a yi masa fenti, kowa ya huta. Jama'a suka yi murna. Kai kaɗai ka ƙi. Ka yi bayani cewa bangon ƙasa yana shan danshi yana fitarwa, idan aka toshe shi da siminti zai ruɓe ta ciki, a wayi gari ya faɗi da fentinsa sabo. Amma ba ka bar mutumin ya tafi da kunya ba. Ka roƙe shi ya mayar da simintin ga magudanar makarantar firamare, kuma ka sa shi a gaba ranar gayya, shi ya fara jefa ƙasa. Wannan ita ce siyasar da ba a koyarwa a jami'a.

Alherinka bai tsaya a kan dutse ba. Shekarar da damina ta kayar da ɗakin Baba Tasalla, tsohuwar da ba ta da ɗa a gari, ka san ba za ta karɓi taimako ba don tana da kunya da riƙon kai. Sai ka je ka durƙusa ka gaishe ta, ka ce ɗalibanka ba su da wurin gwajin gini, ko za ta taimaka ta ba su aron filin ɗakinta. Ta yarda, har tana ja mana kunne kada mu ɓata mata tsakar gida. Ina cikin waɗanda suka buga tubalin. Har ta rasu tana gaya wa mutane cewa ita ta taimaki Malam.

Ni kuma, allon zanenka da ka zo da shi daga Perugia, shi na ɗauka na tafi jami'a. Ranar da za a yi mana jarrabawar shiga, kai ka raka ni Kano domin mahaifina ba ya da lafiya, ka zauna a gindin bishiya a waje har muka fito. Da na dawo hutun farko ina zuba maka manyan kalmomi a kan nazarin tsarin birane, ka saurare ni har na ƙare, ka ce maganata ta yi daɗi, amma in tuɓe takalmi domin ƙasar kwaɓi na jira.

A 'yan shekarun nan ne jarrabawa ta zo. Alhaji Habu, ɗan kwangila mai tifofi, ya nemi a ba shi tsaunin ya fasa dutse. Adalci ya wajabta in faɗi cewa ba mugu ba ne. Ya yi alkawarin ɗaukar samari aiki, kuma samarinmu suna bukatar aikin. Gari ya rabu biyu. Dagaci ya tara dattawa, ya yanke hukunci a bainar jama'a: muddin ana fitowa gayyar yaɓe, tsauni na mutanen gari ne, babu mai taɓa shi. Amma duk shekarar da kaka ta wuce ba a hau ba, to jama'a sun sallama da kansu, zai sa wa Alhaji hannu. Ka amince da sharaɗin nan ba tare da gardama ba. Da muka nuna maka hatsarinsa, ka ce hukuncin daidai ne, domin abin da mutane ba sa so, takarda ba ta iya tsare shi.

Bana ka sayi goron, amma ciwo ya kwantar da kai kafin ka raba. Bayan an kai ka makwanci, muka ga an ajiye tifa a gindin tsauni. Dagaci ya zo gaisuwa, ya yi hawaye, amma ya ce maganarsa tana nan yadda ya faɗe ta. A rumfar zaman makoki kowa yana cewa gayya ta bi mai ita. Mu matasa muka shiga tattaunawa a kan ko za a nemi a ɗaga wa'adi zuwa baɗi, wasu na ganin bai dace a yi maganar kwaɓa ƙasa ba alhali gida na cikin makoki.

Inna Kaltume tana takaba, ba ta fita ko ƙofar gida. Ana jibi addu'ar bakwai ta kira Abdulmalik ta miƙa masa goron, ta ce ya bi unguwannin da ka saba bi, ya faɗa wa kowa ko na mene ne kafin ya karɓa. Ta aika wa liman da roƙon a yi addu'ar a gaban soron ƙofa, kuma a can za a kai abincin sadaka. Wani daga cikin dattawan dangi ya je bakin labule ya ce mata tsofaffi ba za su iya hawa ba, kuma mutane za su yi surutu.

Ta ce, "Baba, ka yi haƙuri. Wanda ya zo don tuwo, tuwo yana sama. Wanda ya zo don Malam, ya fi ni sanin inda ake samun Malam."

Malam, da ka ga abin da ya faru ranar nan, da ka yi irin murmushinka. Tun da sassafe hanya ta cika. Tsofaffin ɗalibanka sun zo daga Kiru da Bebeji da Badafi, wasu da manyan riguna, suka naɗe su suka rataye a kafaɗa. 'Yan acaɓa sun yi ta kai tsofaffi har inda babur ke iya kaiwa, daga nan samari suka riƙe hannuwansu. Arɗo Sha'aibu ya zo da jakuna ɗauke da mangaloli. Liman ya yi addu'a, aka shafa, sai kowa ya tsaya yana duban ɗan'uwansa, domin kai ne kullum kake cewa bismillah a fara. Sarkin maƙera ne ya miƙe, ya cire hula ya ba jikansa, ya shiga cikin kwaɓi da ƙafafunsa. Kafin azahar bangon arewa ya sha yaɓe. Kafin la'asar an shafe na kudu da makuba, an gyara indararon da ya karkace. Na ga samarin da suka fi kowa son aikin fasa dutse suna miƙa curin ƙasa hannu da hannu.

Alhaji Habu ma ya hau, yana haki, domin shi ma ya zo yi maka addu'a. Ya daɗe yana duban soron. Sannan ya juya wurin dagaci.

"Ranka ya daɗe, bana kam sun ci. Amma ka sani baɗi zan dawo."

Dagaci ya ce, "Ka dawo, Alhaji. Ka zo da tsofaffin kaya, za a ba ka bangon kudu."

Da yamma aka janye tifar. Ban ce an gama ba, domin sharaɗin yana nan, kuma kowace kaka sai an sake amsa shi. Abin da na sani shi ne unguwanni sun raba sayen goron baɗi a tsakaninsu tun kafin a sauko, kuma ba wanda ya umarce su.

Ya Allah, ga bawanKa Gwadabe ya zo gare Ka. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi. Yadda ya rufa wa tsohuwa asiri ba tare da ta sani ba, Ka rufa masa asiri ranar tsayuwa. Ka sanya ilimin da ya koyar ya zama sadaka mai gudana, Ka gina masa gida a Aljannar Firdausi. Ina miƙa ta'aziyyata ga Inna Kaltume, da Abdulmalik, da ƙannensa Hamdiyya da Bahijja, da jikoki, da dagaci da ɗaukacin mutanen Garun Tsauni, da ɗalibansa duk inda suke. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya ba mu ƙafar hawa baɗi, Ya kyautata namu ƙarshen idan ya zo. Amin.

Muzammil Abba
Garun Tsauni, Doguwa